John Lennon: Mawaƙin da aka kushe faifansa na ƙarshe mako uku kafin a harbe shi

Ranar 17 ga Nuwamba, 1980, wani faifan waƙoƙi mai suna Double Fantasy ya shiga kasuwa a Amurka da Birtaniya. Mai faifan, John Lennon, yana da shekara 40 a duniya, kuma rabonsa da fitar da faifai shekara biyar ke nan. Masoyansa sun daɗe suna dako, amma da kayan suka isa hannun masu sharhi a jaridu, da yawansu sai suka yatsine fuska. Ƙorafinsu shi ne mutumin da ya taɓa girgiza duniya ya koma attajiri mai ƙoshi, wanda ba shi da zancen da ya wuce matarsa da ɗansa. Mako uku bayan haka aka harbe shi a ƙofar gidansa. Faifan da aka yi wa tsaki ya zama na ɗaya a ƙasashen biyu, waƙoƙin da aka ce lami ne kuma su mutane suka riƙa saurare suna hawaye, alhali ko harafi ɗaya ba a sauya a cikinsu ba.

Kafin a fahimci yadda hakan ta faru, sai an bi rayuwar mutumin tun daga tushe, domin zaman gidan da ya rera a wannan faifai shi ne abin da ya rasa tun yana ƙarami, kuma shi ne abin da shi da kansa ya taɓa hana wasu.

Yaron da ya tashi a hannun inna

An haifi John Winston Lennon ranar 9 ga Oktoba, 1940, a Liverpool, birnin da ke bakin teku a arewa maso yammacin Ingila. Lokacin ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, jiragen Jamus na yawan yi wa tashar jiragen ruwan birnin ruwan bama-bamai. Sunan Winston kuwa an sa masa ne saboda Firaministan lokacin, Winston Churchill. Mahaifinsa, Alfred, ma'aikacin jirgin ruwan 'yan kasuwa ne, wanda ya fi daɗewa a teku fiye da gida. Aurensa da Julia, mahaifiyar John, bai yi ƙarko ba, kuma tun yaron yana da kimanin shekara biyar uban ya ɓace daga rayuwarsa, ba su sake haɗuwa ba sai bayan ɗan ya yi suna.

Riƙon John ya koma hannun yayar mahaifiyarsa, Mimi Smith, da mijinta George, a unguwar Woolton. Mimi mace ce mai tsari da tsanani, ba ta ɗauki kiɗa a matsayin sana'a ba. Julia kuwa, wadda ke zaune ba nisa da su, mai barkwanci ce da son waƙa. Da John ya fara tasawa sai ya riƙa zuwa wurinta, ita ce ta koya masa kaɗa banjo, wani abin kiɗa mai tsirkiya da ya yi kama da gurmi, ita ce kuma ta saya masa jitarsa ta farko. A 1955 George ya mutu. A ranar 15 ga Yuli, 1958, wata mota da wani ɗan sanda da ba ya bakin aiki yake tuƙawa ta buge Julia a kusa da gidan Mimi, ta mutu. John yana da shekara 17. Ya rasa ta yana yaro da aka raba su, ya sake rasa ta a daidai lokacin da suka fara shaƙuwa, kuma wannan miki bai warke ba har ƙarshen rayuwarsa.

A makarantar Quarry Bank an san shi da tsokana da rashin maida hankali ga karatu. A can ya kafa ƙungiyar makaɗa mai suna Quarrymen. Ranar 6 ga Yuli, 1957, suna wasa a wani bikin cocin St Peter's da ke Woolton aka haɗa shi da wani yaro ɗan shekara 15, Paul McCartney. Ba da daɗewa ba Paul ya kawo abokinsa George Harrison. Daga wannan haɗuwa ce aka samu ƙungiyar da a 1960 ta ɗauki sunan Beatles.

Shekarun Beatles

Samarin sun koyi sana'arsu da gumi. Daga Agustan 1960 suka riƙa zuwa birnin Hamburg na Jamus, inda suke kiɗa na sa'o'i masu yawa kowane dare a gidajen rawa, a kan kuɗi kaɗan. Da suka dawo gida, wani mai shagon sayar da faya-faye, Brian Epstein, ya gan su a gidan rawa na Cavern a Nuwamban 1961, ya zama manajansu. Shi ya sama musu yarjejeniya da kamfanin EMI a ƙarƙashin furodusa George Martin. A Agustan 1962 Ringo Starr ya zama mai gangarsu, a Oktoban shekarar kuma waƙarsu ta farko ta fito.

Abin da ya biyo baya ya wuce duk abin da aka saba gani. Ranar 9 ga Fabrairu, 1964, kimanin mutum miliyan 73 ne suka kalle su a shirin talabijin na Ed Sullivan a Amurka. Lennon da McCartney su ne suka tsara mafi yawan waƙoƙin ƙungiyar, kuma sun yi yarjejeniya cewa duk wadda ɗayansu ya rubuta za ta fito da sunansu su biyu. A 1965 Sarauniya Elizabeth ta Biyu ta ba su lambar girma ta MBE a Fadar Buckingham.

Sai dai a bayan wannan ɗaukaka akwai gidan da aka bari a baya. Lennon ya auri Cynthia Powell, abokiyar karatunsa a kwalejin zane-zane, a Agustan 1962, aka haifa musu ɗa, Julian, ranar 8 ga Afrilu, 1963. Da farko an ɓoye auren don kada 'yan matan da ke son ƙungiyar su ja baya. Uban yana yawon duniya, yaron yana girma ba ya ganinsa sai jefi-jefi. Abin da aka yi wa John yana ƙarami, kusan shi ya maimaita a kan ɗansa na fari.

Bakinsa ma ya jawo masa. A Maris 1966 ya faɗa wa wata 'yar jarida a Landan maganar da ke nuna cewa farin jinin ƙungiyarsu a wurin matasa ya zarce na Annabi Isa, Alaihis Salam. A Ingila ba a kula ba, amma da wata mujallar matasa ta sake buga hirar a Amurka bayan 'yan watanni, sai Kiristoci, musamman a jihohin kudu, suka fusata. Aka riƙa tara faya-fayen Beatles ana cinna musu wuta, wasu gidajen rediyo suka daina sa waƙoƙinsu, har aka yi barazanar kashe su. Ya ba da haƙuri a gaban 'yan jarida a Chicago. Ranar 29 ga Agusta, 1966, a San Francisco, ƙungiyar ta yi wasanta na ƙarshe a gaban masu sayen tikiti, daga nan suka koma aikin ɗakin naɗar waƙa kawai.

Yoko Ono, zaman lafiya da yaƙin Biyafara

A Nuwamban 1966 Lennon ya je wani baje kolin fasaha a Landan, inda ya haɗu da Yoko Ono, 'yar wani gidan masu banki a Tokyo, wadda ta girme shi da shekara bakwai. Dangantakarsu ta kai ga rabuwarsa da Cynthia a 1968, suka yi aure a Gibraltar ranar 20 ga Maris, 1969. Jaridun Birtaniya da masoyan Beatles da dama ba su karɓe ta ba. Sun ɗora mata laifin rarrabuwar kan ƙungiyar, wani ɓangare na zagin da ta sha kuwa na wariyar launin fata ne tsagwaronsa, duk da cewa rikicin kuɗi da na shugabanci ya riga ya shiga tsakanin mutanen huɗu tun bayan mutuwar Epstein a 1967.

Ma'auratan sun mayar da farin jininsu makamin adawa da yaƙi. Maimakon hutun amarci, sai suka kwashe mako guda a kan gado a wani otal a Amsterdam, suna karɓar 'yan jarida suna wa'azin zaman lafiya, suka maimaita hakan a Montreal ta Kanada. Wasu suka ce wasan yara ne, wasu suka ce dabara ce ta sa jaridu su buga zancen zaman lafiya a shafin farko ko suna so ko ba sa so.

A nan ne tarihinsa ya taɓo Najeriya. Ranar 25 ga Nuwamba, 1969, ana cikin yaƙin basasar da aka fara a Yulin 1967, Lennon ya mayar wa Sarauniya lambar MBE ɗinsa, haɗe da gajeriyar wasiƙa. Dalili na farko da ya bayar shi ne hannun da Birtaniya ta sa a yaƙin Najeriya da Biyafara, domin gwamnatin Harold Wilson tana sayar wa Gwamnatin Tarayya ta Janar Yakubu Gowon makamai, hotunan yaran da yunwa ta kassara kuma sun cika jaridun Turai. Na biyu shi ne goyon bayan da Birtaniya ke bai wa Amurka a yaƙin Biyetnam. Na uku kuwa zolaya ce, wai saboda wata waƙarsa tana komawa baya a kasuwa. Wannan zolaya ta ba masu sukarsa abin kamawa, suka ce ya haɗa jinin mutane da tallar faifai. Ba a cika wata biyu ba yaƙin ya ƙare, a Janairun 1970. A Afrilun wannan shekara duniya ta samu labarin wargajewar Beatles, ko da yake Lennon ya shaida wa abokansa zai fita tun Satumban 1969.

Faifansa na farko shi kaɗai, wanda ya fito a Disamban 1970, cike yake da raɗaɗin maraici da fushi. A 1971 ya fitar da Imagine, wanda waƙar da aka sa masa sunanta ta zama waƙarsa mafi shahara. Da waɗannan ayyuka masu sauraro suka auna shi, suka ɗauke shi mai faɗa wa duniya gaskiya mai ɗaci, kuma da wannan mudu za su sake auna shi bayan shekara tara.

Shari'a da gwamnatin Amurka

A 1971 suka koma New York da zama. Gwamnatin Shugaba Richard Nixon ta ga haɗari a tattare da shi, domin zaɓen 1972 shi ne na farko da 'yan shekara 18 za su jefa ƙuri'ar shugaban ƙasa, ga shi kuma yana hulɗa da masu adawa da yaƙin Biyetnam. Aka fake da hukuncin da wata kotun Landan ta yi masa a 1968 kan mallakar tabar wiwi, aka fara yunƙurin korarsa daga ƙasar. Hukumar FBI ta buɗe masa fayil, wanda sai bayan doguwar shari'ar da wani masanin tarihi, Jon Wiener, ya yi aka saki takardunsa.

A tsakiyar wannan dambarwa aurensa ya girgiza. Daga 1973 ya yi kimanin wata 18 ba ya tare da Yoko, tsakanin Los Angeles da New York, cikin shaye-shaye da abin kunya a bainar jama'a. A farkon 1975 suka sasanta. Cikin Oktoban shekarar abubuwa biyu suka faru a mako guda: kotun ɗaukaka ƙara ta soke umarnin korarsa, sannan ranar 9 ga wata, ranar da ya cika shekara 35, Yoko ta haifi ɗa namiji, Sean, bayan ɓarin da ta sha a baya. A Yulin 1976 ya samu takardar izinin zama na dindindin.

Shekara biyar a cikin gida

Daga nan Lennon ya yi abin da ba a saba gani ba ga mawaƙi mai irin matsayinsa. Ya bar yarjejeniyarsa da kamfani ta ƙare bai sabunta ba, ya koma gidansu da ke benen Dakota, daura da lambun Central Park, ya rungumi renon ɗa. Yoko ta karɓi harkokin dukiyarsu, tana zama ofis tana sayen gidaje da gonaki da shanu, shi kuma yana kula da abincin yaro da barcinsa, har ya koyi gasa burodi. Sun riƙa zuwa Japan suna daɗewa wajen danginta. Hausawa na cewa rai dangin goro ne, hutu yake so, amma a duniyar kiɗan rok ta wancan zamani, namijin da ya ajiye jita ya ɗauki goyo abin mamaki ne, wasu ma suka ɗauka ya samu taɓin hankali ko kuma matar ce ta mallake shi.

A hirarrakin da ya yi a 1980 bai wanke kansa ba. Ya amsa cewa a ƙuruciyarsa mutum ne mai zafin hannu, har ya taɓa dukan mata, kuma bai ba Julian haƙƙinsa na uba ba. Ya nuna cewa yawan zancen zaman lafiya da yake yi ya samo asali ne daga sanin tashin hankalin da ke cikin ransa. In gida bai ƙoshi ba, ba a kai wa dawa, kuma da alama a waɗannan shekaru biyar ya gane haka.

Yadda aka haɗa faifan

A Yunin 1980 ya shiga wani ƙaramin jirgin ruwa mai tafiya da iska daga Newport a jihar Rhode Island zuwa tsibirin Bermuda. A hanya guguwa ta taso, jiri da amai suka kwantar da ma'aikatan jirgin, dole aka bar masa tuƙin na tsawon sa'o'i, shi da ba gwani ba. Ya sauka lafiya da ƙarfin zuciyar da ya daɗe bai ji ba, sai waƙoƙi suka fara zuwa, wasu sababbi, wasu kuma tsofaffin guntaye ne da ya ƙarasa. Yana rera wa Yoko ta wayar tarho, ita ma tana mayar masa da nata daga New York. A wani lambun furanni na tsibirin ya ga fure mai suna Double Fantasy, ya ɗauki sunan, domin a ganinsa ya dace da mutum biyu masu mafarki ɗaya.

A Agusta suka shiga ɗakin naɗar waƙa na Hit Factory a New York tare da furodusa Jack Douglas. Da kuɗinsu suka yi aikin, cikin sirri, domin Lennon yana shakkar ko har yanzu yana da abin bayarwa. Da labari ya fita, kamfanoni suka yi ca, amma suka zaɓi sabon kamfanin David Geffen, wanda ya nemi Yoko kai tsaye ya kuma amince ba tare da ya saurari ko waƙa ɗaya ba.

Faifan yana da waƙoƙi 14, bakwai nasa, bakwai nata, an jera mafi yawansu bi da bi kamar zance tsakanin miji da mata. Waƙar farko, Starting Over, an yi ta ne da salon kiɗan shekarun 1950, irin na Elvis Presley da Roy Orbison da ya taso yana ji, kuma ta fara da ƙarar wata 'yar ƙararrawa mai taushi. Masu lura sun tuna cewa faifansa na 1970 ya buɗe ne da ƙararrawa mai nauyi irin ta jana'iza, kafin waƙar da ya yi wa mahaifiyarsa. Beautiful Boy waƙar reno ce ga Sean. Watching the Wheels amsa ce ga masu cewa ya yi hauka da ya bar fage. Woman godiya ce da neman gafara ga matarsa da sauran mata. Akwai kuma I'm Losing You, wadda ke nuna tsoron mijin da yake jin matarsa tana kuɓuce masa, Yoko kuma ta bi ta da waƙa mai kaifi ta matar da ta gaji.

Abin da masu sauraro suka ce

Lokacin da faifan ya fito, zamani ya juya. A Birtaniya Margaret Thatcher ta hau mulki tun 1979, marasa aikin yi sun haura miliyan biyu, matasa kuma sun koma ga sababbin makaɗa masu kaushin murya da fushi. A Amurka an zaɓi Ronald Reagan mako biyu kafin fitowar faifan. Waɗanda suka san Lennon a matsayin mai tsaya wa gwamnati sun sa ran zai ce wani abu game da wannan hali, sai ga shi yana zancen soyayya da reno, cikin kiɗa mai santsi.

Jaridun kiɗa na Birtaniya irin su NME da Melody Maker ba su raga masa ba. Sun ga faifan a matsayin aikin mutumin da ya ƙoshi ya manta da masu yunwa, wanda yake zaton duniya ta damu da yadda aurensa ke tafiya. Wani abin ban mamaki shi ne, wasu daga cikin masu sharhin sun ce waƙoƙin Yoko, wadda aka shekara goma ana yi wa ba'a, su ne suka fi dacewa da zamani. Su kuma masu saye da dama haushi suka ji da aka raba faifan biyu, domin a faifan garmaho ba a tsallake waƙa sai an ɗaga allura. Ciniki ya tafi a hankali. A Birtaniya faifan ya kai na 14 a jerin waɗanda aka fi saye, sannan ya gangara zuwa na 46. A Amurka yana hawa sannu a hankali, ya kai na 11.

Akwai gaskiya a cikin sukar, domin kiɗan bai zo da sabon abu ba, kuma an goge shi har ya rasa kaushin da aka san Lennon da shi. Amma masu cewa faifan daɗin baki ne zalla sun tsallake waƙoƙin tsakiya, inda ma'auratan ke faɗa wa juna magana mai zafi. Sun kuma auna mutum ɗan shekara 40 da abin da ya yi yana ɗan 30. Shi kuwa ya bayyana cewa tsararrakinsa yake yi wa magana, waɗanda suka taso tare a shekarun 1960, yanzu kuma suna da mata da 'ya'ya kamarsa.

Ranar 8 ga Disamba

Ranar Litinin, 8 ga Disamba, 1980, ta kasance ranar aiki. Da safe mai ɗaukar hoto Annie Leibovitz ta zo gidan ta ɗauke su don mujallar Rolling Stone, daga baya ya yi doguwar hira da wani gidan rediyo, inda ya yi ta zancen shirye-shiryen gaba. Da misalin ƙarfe biyar na yamma, suna fita zuwa ɗakin naɗar waƙa, wani saurayi ɗan shekara 25 da ya zo daga Hawaii, Mark David Chapman, ya miƙa masa faifan Double Fantasy, ya sa masa hannu a kai. Wajen ƙarfe 11 saura na dare suka dawo. Chapman yana nan yana jira a bakin ƙofar. Ya harba bindiga sau biyar, harsashi huɗu suka samu Lennon ta baya. 'Yan sanda suka garzaya da shi Asibitin Roosevelt a motarsu, amma rai ya yi halinsa. Maharbin bai gudu ba, yana nan a wurin yana karanta wani littafi har aka kama shi.

Miliyoyin Amurkawa sun ji labarin ne daga bakin mai sharhin wasanni Howard Cosell, ana tsakiyar nuna wasan ƙwallon Amurka a talabijin. Chapman ya amsa laifinsa, aka yanke masa ɗaurin shekara 20 zuwa rai da rai a Agustan 1981, kuma tun daga 2000 ake ƙin amincewa da buƙatarsa ta saki. Daga cikin abubuwan da ya ambata akwai haushin maganar 1966 da kuma dukiyar Lennon, wadda yake gani ta saɓa wa abin da yake rerawa, amma ya amsa cewa suna yake nema. Ba a yi taron jana'iza ba, an ƙona gawar, Yoko kuma ta roƙi jama'a su yi shiru na minti goma ranar 14 ga Disamba. Dubban mutane suka taru a Central Park da Liverpool da wasu birane.

Faifai ɗaya, kunne biyu

Nan take kasuwa ta juya. Faifan ya hau matsayi na ɗaya a Amurka, ya yi mako takwas a wurin, a Birtaniya ma ya kai na ɗaya a farkon 1981. Cikin kimanin wata biyu waƙoƙinsa uku suka zama na ɗaya a Birtaniya: Starting Over, sai Imagine da aka sake fitarwa, sai Woman. Wasu manyan jaridun Amurka da suka riga suka karɓi sharhin suka a kan faifan sun janye shi, ba su buga ba. A Fabrairun 1982 aka ba Double Fantasy kyautar Grammy ta faifan shekara, Yoko ta hau ta karɓa tare da Sean, yana ɗan shekara shida. A Amurka kaɗai an sayar da kwafi sama da miliyan uku. Ragowar waƙoƙin da suka naɗa a wancan zama kuwa sun fito a 1984 a faifan Milk and Honey.

Ba abu ne mai wuya ba a ce tausayi ne kawai ya sayar da faifan, kuma tabbas tausayi ya yi nasa aikin. Amma mutuwar ta sa an saurari abin da da can aka ji da rabin kunne. Waƙar da ke zancen sabon farawa ta zama ta mutumin da aka katse wa hanzari, waƙar renon da uba ke ɗokin ganin girman ɗansa ta zama ta uban da ba zai gani ba. Abin da aka kira ƙaramin zance, wato mata da ɗa da kwanciyar rai, sai aka ga cewa ga wanda ya tashi ba uwa ba uba a kusa, shi ne babban abin da ya samu, kuma ya same shi a makare. Yabon da ya biyo bayan mutuwar shi ma ya wuce gona da iri a wasu wurare, har aka so a mayar da shi waliyyi, abin da shi kansa bai yi da'awa ba. Julian, wanda yake da shekara 17 lokacin da aka kashe mahaifinsa, daidai shekarun John lokacin da ya rasa Julia, ya sha bayyana cewa uban da duniya ke yabo da ƙaunar iyali bai nuna masa irin wannan ƙauna ba. Ɗan Adam tara yake, bai cika goma ba.

A 1985 aka keɓe wani yanki na Central Park, daura da benen Dakota, aka sa masa suna Strawberry Fields don tunawa da shi, daga baya kuma aka sa wa filin jirgin saman Liverpool sunansa. A 2010, shekarar da zai cika 70 da yana raye, Yoko da Jack Douglas suka sake fitar da Double Fantasy bayan sun rage kayan kiɗan da aka lulluɓe waƙoƙin da su, don muryarsa ta fito fili. Har yau masu sharhi ba su haɗu a kan matsayin faifan a cikin ayyukansa ba. Wasu na sa shi a ƙasa da na 1970 da na 1971, wasu kuma, musamman waɗanda suka fara jin sa suna matasa suka sake jin sa bayan sun zama iyaye, suna cewa sai da shekaru suka ja suka gane da su yake magana.